Sanarwar Bayan Taro Kan Jinkirin Fara Shan Maganin Cuta Mai Karya Garkuwar Jiki

Ƙungiyarmu ta masu ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki da masu kula da su ta kammala taronta na kwana biyu a Kano. Wakilan rassa sun zo daga jihohin Arewa maso Yamma, ga 'yan'uwa daga Bauchi da Gombe, ga kuma baƙi daga Maraɗi da Damagaram. An gayyaci ma'aikatan jinya, da masu ba da shawara a ɗakunan gwaji, da ungozomomi, da malaman addinin Musulunci da na Kirista. Batu ɗaya aka sa a gaba. Me ke sa a gwada mutum, a gaya masa yana ɗauke da ƙwayar, a gaya masa magani kyauta ne, amma ya koma gida ya yi wata shida ko shekara biyu bai haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba, sai ranar da aka ɗauko shi ranga-ranga? Kamar yadda muka saba, ba a ɗauki hoto ba, kuma babu sunan kowa a wannan takarda.

Inda aka fito

Dattawan ƙungiya ne suka buɗe zama, domin su suka ga jiya. Lokacin da gwamnatin tarayya ta fara rabon magani a 2002, cibiyoyi 25 ne kacal a duk faɗin Najeriya, an yi tanadin manya 10,000 da yara 5,000, kuma sai mutum ya biya naira 1,000 duk wata. Sai a 2006 aka mayar da maganin kyauta. A wancan zamani ba kowa ake ba shi ba. Sai an auna sojojin jiki, wato ƙwayoyin CD4, an ga sun faɗo ƙasa da 200, ko kuma ciwo ya riga ya kayar da mutum. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga ma'aunin zuwa 350, a 2013 ta kai shi 500. Ke nan an yi fiye da shekara goma ma'aikacin asibiti da bakinsa yana cewa, "Koma gida, da sauran ƙarfi a jikinka, ka dawo bayan wata shida mu sake aunawa."

A 2015 wannan magana ta faɗi. Binciken TEMPRANO da aka yi a Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, kan mutum fiye da 2,000, ya nuna fara magani da wuri yana rage haɗarin ciwo mai tsanani ko mutuwa da kashi 44 cikin 100. Binciken START da aka yi a ƙasashe 35 ya sami kashi 57. A watan Satumbar shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba kowa magani da zarar an gano, ko nawa ne sojojin jikinsa. Najeriya ta karɓi wannan tsari a 2016. A 2017 hukumar ta ƙara da cewa a fara cikin kwana bakwai, idan ma mutum ya shirya a fara a ranar da aka gwada shi.

Taro ya lura cewa takarda ta canza, amma zancen zaure yana nan inda yake. Wanda aka ce masa ya jira a 2009, ya jira, Allah ya yi masa gyaɗar dogo ya rayu, shi ne yau yake ba ƙaninsa shawara kada ya yi gaggawa. Kuma ba ƙarya yake yi ba, abin da likita ya gaya masa yake maimaitawa. Waɗanda suka jira suka mutu kuwa ba sa nan balle su ba da tasu shawarar.

"Ai ni lafiyata ƙalau"

Wannan ita ce amsar da masu ba da shawara suka ce sun fi ji. A wurinmu mara lafiya shi ne wanda ya kwanta. Ɗan ga-ruwa da ke tura kura daga asuba zuwa azahar, ko matar da ke daka da surfe da goyo a bayanta, ka ce mata ta fara shan magani har ƙarshen rayuwarta, sai ta dube ka ta dubi jikinta. Ba mu kaɗai ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2011 daga Soweto ta Afirka ta Kudu ya gano cewa mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda suka cancanci magani sun ƙi karɓa, kuma babban dalilin da suka bayar shi ne suna jin kansu lafiya lau.

Ƙwayar tana iya yin shekara takwas zuwa goma tana cin garkuwar jiki ba tare da ta kayar da mutum ba. Idan alamu suka fara, kowace tana da sunan da za a laƙaba mata: zazzaɓin maleriya, taifod, basir, shawara. Mai kemis ya ba da allura, a ɗan ji sauƙi, a koma kasuwa. Kafin a dawo asibiti tarin fuka ya kama, wanda shi ne kan gaba wajen kashe masu ɗauke da ƙwayar a duniya. Maza ne suka fi zuwa a makare, domin mace ko ba komai awon ciki zai kai ta gaban ma'aikaciya, namiji kuwa babu abin da ke kai shi asibiti sai faɗuwa.

Asiri

A nan taro ya fi daɗewa, kuma a nan aka fi zubar da hawaye. Ƙidayar da gwamnati ta yi a 2018, aka bayyana sakamakonta a Maris 2019, ta nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar a Najeriya, kimanin mutum miliyan 1.9 idan aka haɗa kowa. A Arewa maso Yamma kashi 0.6 ne, mafi ƙanƙanta a ƙasar. An yi ta murna da wannan adadi, kuma abin murna ne. Amma wakilai sun nuna ɗaya fuskar. A inda masu ita suke da yawa, wanda aka gwada yau ya san maƙwabcin da ya shekara goma yana shan magani, yana noma, yana aurar da 'ya'ya. A ƙauyen Katsina ko Jigawa, wanda aka gwada yau bai san kowa ba, abin da ya sani kawai shi ne yadda ya ji ana zancen masu ita a majalisa. Yana ganin shi kaɗai ne a duk gundumar, alhali wataƙila wanda suke sahu ɗaya a masallaci yana da kati irin nasa a aljihu.

Mata sun yi bayani dalla-dalla. Ƙidayar ta nuna kashi 1.9 na mata ne ke ɗauke da ƙwayar, maza kuwa kashi 0.9, kuma mace ake fara gwadawa saboda awo. Wanda aka fara ganowa shi ake cewa ya kawo. Ta fito daga ɗakin gwaji da robar magani a jaka, sai lissafi ya fara. Fita sai da izinin maigida, kuɗin mota daga hannunsa, to me za ta ce za ta je yi asibiti duk wata bayan ta haihu? Idan gidan da kishiya, ina za ta ajiye robar? Wata wakiliya ta kwatanta yadda ake yi. Ƙwayoyin suna ƙara a cikin roba, ko motsi kaɗan jaka ta yi sai an ji, saboda haka ana cusa auduga a ciki, ko a juye su a leda a ƙulle, a kankare takardar jikin robar a jefa ta a masai, a tura ledar cikin adaka ƙarƙashin zannuwan da ba a ɗaurawa. Ranar girkinta maigida yana ɗaki, ba damar buɗe adaka. Yaro ya gani ya tambaya. Mace da yawa idan ta auna wannan duka sai ta ce bari dai ta haihu tukuna, bari ta yaye, bari bikin ƙanwarta ya wuce. Abin da take tsoro a fili yake: saki, da komawa gidan iyaye da wannan suna a kanta, da raba ta da 'ya'yanta. Taro bai ga dalilin kiran wannan jahilci ba. Ta san maganin yana aiki sarai, kuma ta san gidan da take zaune.

Abin da ke cikin wannan jira shi ne jariri. Idan uwa ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 suna ɗauka a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Idan tana sha yadda ya kamata, abin yana komawa ƙasa da 5. Ga shi ƙidayar lafiya ta 2018 ta nuna kimanin kashi 16 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Arewa maso Yamma ake yi a asibiti. Wadda ta ɓace bayan awon farko, sai dai ungozoma ta gan ta.

Maza ma suna da nasu. Magidanci mai mata biyu ko uku ya san ranar da ya fara magani dole wata rana a tambaye shi na mene ne, daga nan sai surukai, daga nan sai unguwa. Wasu suna tsallake asibitin garinsu su tafi wani gari mai nisa don kada su haɗu da idon sani, domin mai ba da kati ɗan unguwarsu ne, ko mai shara ƙawar matarsu ce. Tafiyar da za a yi da ƙafa ta koma ta mota biyu, sai a yi ta sau ɗaya a kasa ta biyu. Akwai dokar hana tsangwamar masu ɗauke da ƙwayar ta 2014, wadda ta haramta korar mutum daga aiki ko makaranta saboda ita da tona asirinsa ba da yardarsa ba. Kaɗan daga cikin wakilai ne suka taɓa jin an hukunta wani da ita.

An tattauna dokar gwaji kafin aure da jihar Kano ta kafa a 2024. Taro bai yi adawa da gwaji ba, mu muka fi kowa sanin amfaninsa. Damuwar ita ce inda sakamakon ke faɗawa. Idan takarda ta bi ta hannun waliyyi da liman da dangin ango kafin ma'aikacin lafiya ya zauna da mai ita, an fasa aure, gari ya ɗauka, to wannan saurayi ko budurwa ba asibiti za su nufa ba, barin gari za su yi.

Kyauta, amma da kuɗi

Maganin kyauta ne. Kati, da wasu gwaje-gwajen jini, da hoton ƙirji, da maganin cututtukan da ke biyo baya, a wurare da dama sai an biya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin a-daidaita-sahu da na motar ƙauye suka ninka, kuma ranar asibiti rana ce da ɗan dako ko mai kitso ba su samu ko sisi ba, ga cefane yana jira.

Wani abu da wakilai suka dage a rubuta shi ne batun abinci. Mai ba da shawara, da kyakkyawar niyya, yakan ce wa mutum ya riƙa cin ƙwai da kifi da madara da kayan marmari domin maganin yana da ƙarfi. Wanda tuwon dare ma sai an yi dabara, abin da ya ji shi ne wannan magani ba na irinsa ba ne, zai kashe shi idan ya sha da yunwa. Sai ya ce bari kaka ta yi. Ma'aikatan jinya da ke wurin sun tabbatar cewa ƙwayar da ake bayarwa yanzu ana shan ta ko an ci abinci ko ba a ci ba. Koko da ƙosai sun isa, ruwa kawai ma ya isa.

Tsoron maganin kansa

Tsofaffin magunguna sun bar tabo. Istabudin yana zuƙe kumatu da cinya har a gane mutum daga nesa, yana sa ƙafa zugi. Nebirafin yana fesar da ƙuraje. Ifabirenz yana sa jiri da mafarkai masu firgitarwa. Yau akasarin manya ƙwaya ɗaya suke sha a rana, wadda ake kira TLD, kuma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita irinta ga kowa saboda sauƙinta a jiki da saurin danne ƙwayar cutar. Wanda bai fara ba labarin istabudin yake ji.

Sai kuma maganar "in ka fara ba ka dainawa, in ka daina ka mutu." An daɗe ana faɗin ta don a ƙarfafa mutane su dage, amma ga wanda ke bakin ƙofa tana nufin gara kada ya shiga. A Janairun 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, wanda shirinta na yaƙi da wannan cuta, PEPFAR, da aka kafa a 2003 yake ciki, wannan tsoro ya sami ƙafa. An sassauta daga baya kan magungunan ceton rai, kuma a Fabrairu gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani. Amma labarin dakatarwar ya shiga kowane lungu ta rediyo da waya, labarin sassaucin bai bi shi ba. Rassa sun ba da rahoton sababbin da aka gwada suna tambaya, "In na fara, Turawa suka janye, yaya zan yi?" Tambaya ce mai ma'ana, kuma gwamnati ce kaɗai ke da amsarta. A Kano musamman, inda ba a manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, ba a raina shakkun mutane kan maganin da ya zo daga waje kyauta.

A wannan giɓi masu cewa suna warkarwa suke shiga. Asibiti yana cewa har abada, su suna cewa wata uku. Asibiti yana da layi da idon jama'a, su suna da zaure da labule. Ana sayar da akuya da gona a kai musu. An tuna wa taro abin da ya faru a Gambiya daga 2007, lokacin da shugaban ƙasar na wancan lokaci, Yahaya Jamme, ya ce yana warkar da cutar da haɗin ganyaye, aka sa marasa lafiya suka ajiye magungunansu, wasu suka rasa rayukansu. Malaman da suka halarta, na ɓangarorin biyu, sun yi magana da murya ɗaya cewa addu'a da tofi ba su hana shan magani, kuma duk wanda ya ce a ajiye ƙwaya don a gwada imani ya ɗauki alhakin rai. Sun kuma fayyace batun azumi, tunda akwai masu cewa bari Ramadan ya wuce. Ƙwaya ɗaya ce a rana, ana iya mayar da ita bayan buɗa-baki ko lokacin sahur.

Yadda ake karɓar mutum

Akwai asibitocin da har yanzu sai mutum ya zo zaman shawara sau biyu ko uku kafin a ba shi magani, wasu kuma sai ya kawo wani nasa da zai tsaya masa. Wanda bai gaya wa kowa ba, wa zai kawo? Akwai inda ɗakinmu yake can gefe shi kaɗai, da ranarsa ta musamman, duk wanda ya doshi wajen an san abin da ya kai shi. Akwai ma'aikacin da ke ɗaga murya da sunan mutum a kan layi. Wanda kuma ya ɓace wata huɗu ya yi ƙarfin hali ya dawo, sai a tare shi da faɗa a gaban jama'a, waɗanda ke zaune a benci suna jiran karɓar robar farko suna kallo. Ma'aikatan da ke wurin taro ba su musa ba. Sun ce mutum ɗaya ne ke ganin layin da ya kamata mutum huɗu su gani, kuma da tallafi ya tsaya, masu bibiyar marasa lafiya a unguwanni aka fara sallama. Taro ya karɓi wannan uzuri a kan gajiya, bai karɓe shi a kan tona asiri ba.

Inda aka yi saɓani

Ba a kan komai aka haɗu ba, kuma an amince a rubuta hakan. Na farko shi ne fara magani a ranar gwaji. Wasu wakilai sun ce duk wanda aka bari ya fita ƙofa hannu rabbana, an yi asararsa, kuma binciken da aka yi a Afirka ta Kudu da Haiti ya nuna farawa nan take yana ƙara yawan waɗanda ke kan magani. Wasu suka ce su suke shiga gidaje, sun ga robobi cike ba a ko ɓalle murfinsu ba. Mutum ya ji labari mafi nauyi a rayuwarsa, kunnensa ya toshe, an miƙa masa roba ya karɓa don kunya, an rubuta a rajista cewa ya fara, adadi ya tafi Abuja. A takarda yana shan magani, a ɗakinsa kuwa robar tana ƙarƙashin katifa. Matsayar da aka cimma ita ce a ci gaba da bayarwa a ranar ga wanda ya yarda, amma kada a ƙirga shi cikin waɗanda suka fara sai wani ya neme shi cikin makon farko, ta waya ko ido da ido, a wurin da shi ya zaɓa. Ma'aikatan jinya sun ja hankali cewa akwai jinkirin da likita ne ke yin sa da gangan. Wanda ya zo da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, aka gano sanƙarau irin na masu raunin garkuwa, sai an yi makonni huɗu zuwa shida ana maganin sanƙarau kafin a ɗora masa maganin cuta mai karya garkuwar jiki. Mai tarin fuka kuwa ana fara masa cikin mako biyu da soma maganin tarin.

Na biyu shi ne gaya wa miji ko mata. Wani dattijo ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma akwai haƙƙin abokin zama da na kishiyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Mata suka ce gaskiya ne, Baba, amma wa zai riƙe ta idan aka miƙo mata takarda? An tsaya a kan cewa sanar da abokin zama wajibi ne da ba za a yi wasa da shi ba, amma ba za a mayar da shi sharaɗin ba da magani ba. Ta fara sha, a taimaka mata ta kawo maigida a gwada su tare kamar yau ne farko, a gaban wanda ya iya magana. An tunatar da taro cewa tun 2011 bincike ya nuna magani yana rage yaɗuwa tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin 100, kuma wanda ya dage har gwaji ya daina ganin ƙwayar a jininsa, abin da kan samu cikin wata shida, ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Wakilai da dama sun ce da wannan aka fara gaya musu ranar gwaji, da ba su yi jinkiri ba.

Kiraye-kiraye da ƙudurori

Taro yana kira ga gwamnatin tarayya da hukumar yaƙi da cutar ta ƙasa, NACA, su fito a rediyo, da Hausa da Fulatanci da Kanuri, su faɗa wa jama'a yawan maganin da ke ƙasa da tanadin da aka yi na shekaru masu zuwa, su kuma sa kuɗin magani a kasafi a matsayin abin da ba a taɓawa. Gwamnatocin jihohi su soke kuɗin kati da na gwaje-gwajen farko ga wanda aka gano, su sa masu ɗauke da ƙwayar cikin rukunin marasa galihu na inshorar lafiya kamar yadda dokar inshorar ta 2022 ta buɗe ƙofa, su kai magani ƙananan asibitocin gunduma tare da kayan gwajin CD4 da na tarin fuka don a gane wanda ya zo a makare. Jihar Kano da duk mai irin dokarta ta tabbatar cewa sakamakon gwajin aure yana zuwa hannun mai shi kaɗai, a ɗaki, tare da mai ba da shawara da magani a kusa.

Shugabannin asibitoci su daina neman sai an kawo wani kafin a ba da magani. A haɗa layinmu da na masu hawan jini da ciwon suga, a daina kiran suna da ƙarfi, a ba wanda ya daidaita maganin wata uku zuwa shida a lokaci ɗaya, kuma a gaya wa sabon zuwa tun ranar farko cewa wahalar zirga-zirgar ta watannin farko ce kawai. Wanda ya ɓace ya dawo a ce masa sannu da zuwa. A daina lissafa wa talaka ƙwai da madara.

Gidajen rediyo da ke sayar da fili ga masu cewa suna warkar da ƙanjamau su sani muna jin su, kuma za mu riƙa kai ƙorafi a rubuce ga hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin. Muna roƙon Jama'atu Nasril Islam da ƙungiyar Kiristoci ta CAN da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN su sa wannan batu a huɗuba da wa'azi da makarantun Islamiyya na matan aure, musamman hukuncin sakin mace saboda ita aka fara gwadawa.

A namu ɓangaren, kowane reshe zai ware mutum biyu, mace da namiji, waɗanda suka daɗe a kan magani kuma suka yarda a gan su, su riƙa zama kusa da ɗakin gwaji a ranakun awo da ranakun kasuwa, domin wanda ya fito ya ga mai irin lalurarsa da ƙiba da sana'a da 'ya'ya marasa ƙwayar. Rassan karkara za su gwada tsarin da aka fara a lardin Tete na Mozambik a 2008, inda mutum shida na gari ɗaya ke haɗuwa kamar 'yan adashi, duk wata ɗaya ya je ya karɓo wa kowa, kuɗin mota ya rabu shida. Za a buɗe ƙaramin asusu a kowane reshe don kuɗin motar zuwa uku na farko ga wanda ba shi da hali, ma'aji ya riƙa karanta lissafinsa a taron wata. Za a nemi zama da ungozomomi unguwa-unguwa, tunda su ke ganin matan da asibiti ya daina gani.

Lokaci bai ba da damar tattauna batun 'yan cin rani da direbobin manyan motoci ba, waɗanda ake gwadawa a Legas ko Fatakwal katinsu ya tsaya can su kuma suna gida da damina, haka ma batun 'yan gudun hijira na Zamfara da Katsina da Sakkwato, da na samari da 'yan mata da ba su kai shekara 18 ba. An miƙa su ga kwamitin da zai kawo rahoto a zama na gaba, kuma an nemi baƙinmu na Maraɗi da Damagaram su kawo bayanin yadda mai katin wata ƙasa zai karɓi magani idan ya tsallaka iyaka.

Sa hannu:
Shugabar Ƙungiya
Sakataren Ƙungiya
A madadin wakilan rassa